Fenaritin da Muka Sake Bugawa a Sulay

Kafin in je Riyadh na yi shekaru ina karanta labarai a wani gidan rediyo na jiha. Aikin da ya kai ni can daban ne, tafinta nake yi a wani asibiti mai zaman kansa, tsakanin likitoci da mutanenmu masu ciwon baya da hawan jini. Amma a gidan da muke haya a unguwar Manfuha, ɗakuna uku a saman shagon gyaran na'urar sanyaya ɗaki, an gano muryata tun makon farko, aka kuma sama mata aiki. Duk Juma'a bayan an sauko daga masallaci, idan aka shimfiɗa leda aka juye kabsa, dafa-dukar Larabawa, a babban faranti, sai a miƙo mini waya in karanta saƙonnin da suka iso daga gida. Kowa ya riga ya karanta su a wayarsa. Ba a dai ɗaukar su da muhimmanci sai sun fito daga bakina. Na taɓa karanta saƙon wata mata ga mijinta kan rufin ɗaki da yake yoyo, aka yi tsit kamar ana sanar da juyin mulki.

Yawancin masu zuwa cin abincin daga gari ɗaya suka fito, domin haka biza take tafiya: wani ya samu kafili, ɗan ƙasar da zai tsaya masa, ya jawo ƙaninsa, ƙanin ya jawo abokinsa. A garin nasu akwai kwalejoji biyu da titi ɗaya ya raba, ta horon malamai mai koriyar riga da ta fasaha mai jar riga, kuma kusan kullum su suke haɗuwa a wasan ƙarshe na kofin ƙwallon ƙafa na manyan makarantun yankin. Ba duk masu cin kabsar ne suka shiga kwalejojin ba. Wani mahaifinsa ne ya yi gadi a ɗaya, wani a ƙofar ɗayar ya sayar da rake. Wannan bai hana kowa samun ɓangare ba. 'Yan kore suna zama ta wajen taga, 'yan ja ta wajen ƙofa. Ni da na fito daga wata jiha ina tsakiya, inda nama yake fara ƙarewa.

Mutum biyu ne kawai a cikinmu suka taɓa sa rigunan da gaske. Na farko, wanda kowa yake kira Gola, shi ya tsare wa kwalejin malamai raga a zamaninsa. A Riyadh direban wani gida ne a arewacin birnin, yana kai yara makaranta, yana kai uwar gidan kantuna. Na biyu, Lamba Tara, shi ne ɗan gaban kwalejin fasaha a wannan zamanin, yanzu yana tuƙa motar ɗaga kaya a wani ɗakin ajiya a unguwar Sulay. Gola ne ya nema masa biza. Ɗaki ɗaya suke kwana, gadajensu suna kallon juna.

Abin da ya haɗa su ya faru ne suna samari. A wasan ƙarshe, 'yan kore suna gaba da ci ɗaya, lokaci ya kusa cika, sai alƙalin wasa ya ba 'yan ja abin da mu a rediyo muke kira bugun daga kai sai mai tsaron gida, su kuma suke ce wa fenariti. Lamba Tara ya buga. Gola ya faɗi dama ya ture ƙwallon, ƙaramin yatsansa ya karye, kofi ya tafi kwalejin malamai. Yatsan bai sake miƙewa ba. Duk Juma'a Gola yakan ba da labarin, ya ɗaga hannun da shinkafa a jikinsa don a ga yatsan, Lamba Tara kuma ya ci gaba da cin abincinsa. 'Yan ja ba su taɓa yafe masa ba. Idan ana raba kaza, wuya ake tura masa. Idan wani ya yar da murfin tukunya sai a ce ya yi Lamba Tara.

Haka muke har wata Juma'a aka miƙo mini wani dogon saƙo. An kafa kwamitin bincike a gida kan kuɗin wasannin kwalejojin biyu, an kuma fara jin abin da ya gano. Na karanta shi yadda aka koya mini, ba ɗaga murya, ba murmushi. A kwalejin fasaha an ware kuɗi an gina wurin ninƙaya, an ɗauki mai ceton masu nutsewa, mutumin ya karɓi albashi har ya yi ritaya, wurin kuwa gonar wake ce. A kwalejin malamai an sayi sabuwar motar 'yan wasa sau da dama, amma mota ɗaya ce ake sake mata fenti.

Na zaci za a ji kunya. Wani mai gyaran wayar lantarki daga 'yan ja ne ya fara magana. Ya ce mutumin da ya iya zama ya yi tunanin wurin ninƙaya a garin da ake sayen ruwa a garwa, wannan injiniya ne, an ga amfanin karatun fasaha. Na malamai kuwa, iyakar tunaninsa fenti. 'Yan kore suka ji zafin wannan ƙwarai. Wani tela daga cikinsu ya fita baranda ya kira surukinsa a gida, ya dawo ya sanar cewa daraktan wasanninsu ya kuma riƙa biyan kuɗin aske ciyawa a filin da tun kafuwarsa ba a taɓa ganin ciyawa a cikinsa ba. Aka tafa masa. Ranar har la'asar ana gardama kan ɓarawon wace kwaleji ne ya fi basira, kowane ɓangare yana kare nasa.

Mako na gaba sauran bayanin ya iso. Kwamitin ya ce na shekaru da dama daraktocin biyu su suke zama su yanke wanda zai ɗauki kofi kafin a buga wasan. Wanda ya ci akan ba shi kuɗin biki, wanda aka ci akan ba shi kuɗin sake shiri, sai su haɗa su raba. Ba a faɗi waɗanne shekaru ba ne.

Cikin ɗan lokaci kowane ɓangare ya gano cewa shekarun da ya ci kofi sun faɗo kafin a fara wannan tsari, shekarun da aka ci shi kuwa duk suna ciki. Amma 'yan ja ne suka fi cin riba, saboda fenaritin. Mai gyaran waya ya ce ashe ba a ci su ba, sayen su aka yi, kuma ba a sayen abin da ba shi da daraja. Ya ɗauki cinyar kaza da hannunsa ya ajiye a gaban Lamba Tara.

"Yaya, mun zalunce ka," in ji shi. "Ashe umarnin manya ka bi. Ka yafe mana."

Lamba Tara ya dubi cinyar, ya ce Allah ya yafe mana baki ɗaya, ya cinye. Bai ce an saye shi ba, bai ce ba a saye shi ba. Daga ranar darajarsa ta ɗaga. Mutumin da aka raina shi shekara da shekaru saboda ya kasa, yanzu ana tashi a ba shi wuri saboda ana zaton ya karɓi cin hanci.

Gola bai ba da labarinsa ba ranar, bai kuma bayar ba Juma'ar da ta biyo. Yana cin abinci da hannun a ƙasa.

Wata safiya ya rage mini hanya zuwa asibiti bayan ya sauke yaran a makaranta. A lokacin an bai wa mata izinin tuƙi, uwar gidan da babbar 'yarta duk sun karɓi lasisi, an kuma gaya masa cikin mutunci cewa ba za a sabunta iƙamarsa, takardar izinin zamansa a ƙasar, ba. Saura makonni kaɗan ya koma gida. Muna tsaye a danja ya ce akwai abin da bai taɓa sawa a labarin ba. Kafin a buga fenaritin, kocinsu ya zagayo bayan raga ya ce masa ya faɗi dama. Duk shekarun nan ya ɗauka basirar koci ce. Yanzu bai san ko saƙo aka ba kocin ya isar ba.

Ya ce 'ya'yansa a waya suka san shi. Bai gina wani gidan a zo a gani ba. Abin da suke da shi na ubansu shi ne a unguwa ana ce musu 'ya'yan Gola, kuma babban ya taɓa yin faɗa a makaranta a kan labarin.

"Malam, idan wannan ya tafi," ya ce, yana kallon yatsan a kan sitiyari, "direba ne kawai zai sauka daga jirgi."

Na tambaye shi abin da ya hana shi tambayar mutumin da yake kwana a gadon da ke kallon nasa. Ya ce a cikin ɗaki ba su taɓa yin maganar ba ko sau ɗaya. A gaban jama'a kawai ake yin ta. A ɗaki maganarsu ta wanki ce da wanda zai sayo gas.

Telan ne ya kawo shawarar a sake buga fenaritin, kuma da wasa ya faɗa. Kafin a kwashe faranti an riga an sa rana. Na yi ƙoƙarin nuna musu cewa abin da mutum biyu masu furfura za su yi a Riyadh ba zai tabbatar da abin da samari biyu suka yi a wata ƙasa ba. Aka saurare ni da girmamawa, sannan aka ci gaba da shirin motoci.

Bayan sallar la'asar muka taru a wani fili tsakanin ɗakunan ajiya a Sulay, inda manyan motoci suke juyawa. An kafa raga da katakon ɗora kaya, an ja layi da garin siminti. Aka nemi alƙalin da bai san ko ɗaya daga kwalejojin ba, aka samu mai gadin wurin, wani dattijo ɗan Sudan. Na ga mai gyaran waya ya ja shi gefe ya ba shi katan ɗin lemo. Jim kaɗan na ga tela ya ja shi ɗaya gefen ya ba shi katin waya. Dattijon ya karɓi duka, ya kai ɗakin gadinsa ya kulle, ya dawo ya ce yanzu ba ya tare da kowa. An nemi in yi sharhin wasan, na ce ni mai karanta labarai ne, ba na magana sai abu ya gama faruwa.

Gola ya sa safar hannu ta masu ɗaukar kaya. Kafin ya shiga raga ya raɗa mini cewa ko me za a yi, hagu zai faɗi, don kada a ce an sake gaya masa. Lamba Tara yana cikin takalmin aikinsa mai ƙarfe a baki. Ya ja da baya, ya taho da gudu irin na mutumin da ya daɗe yana zaune a kan mota. Saura taki ɗaya wani abu ya tsinke a cinyarsa. Ƙafar ta shafi ƙwallon kawai, shi kuma ya zube. Gola ya riga ya tashi sama ya faɗi hagu a kan kafaɗarsa, da ƙarar da aka ji har bakin titi. Ƙwallon ta gangara dama a hankali, babu kowa a gabanta. Mutanen biyu suna kwance suna kallon ta. Ta zo dab da layi, ta faɗa sawun tayar babbar mota, ta tsaya.

Mai gyaran waya ya nemi a jira iska ta tura ta. Alƙali ya ce halas, wato an gama, ya koma ɗakin gadinsa.

'Yan ja suka ce an gani da ido, haka ya buga ta wancan karon bisa umarni. 'Yan kore suka ce sau biyu ke nan ba a ci Gola ba. Muka bar su suna yi, tela ya tuƙa mu zuwa asibitin da nake aiki, ɗaya yana riƙe da cinya, ɗaya yana riƙe da kafaɗa.

A ɗakin jira aka zaunar da su kusa da juna. Tela ya tafi neman wurin ajiye mota. Lamba Tara ne ya fara, bai ko juyo ba.

"Tsoho, an ce maka ka faɗi dama, ko?"

"An ce mini."

"Ni ma an ce mini in gangara maka ita a hankali, yadda ko kakarka za ta kama."

Na ga Gola ya sa hannun a ƙarƙashin cinyarsa.

Lamba Tara ya ce daraktansu ne ya kira shi a hutun rabin lokaci ya gaya masa, idan dama ta zo, kada ya ci. Ya amsa da to, domin mutumin ne yake sa hannu a kan wurin kwanansa a makaranta. Da fenaritin ta zo, ya ajiye ƙwallo ya ɗaga kai, sai ya ga Gola yana tsalle-tsalle yana tafa hannu yana yi masa gwalo.

"Raina ya ɓaci. Na ce wallahi sai na ci wannan mai kunnuwan, in ya so su kore ni. Ban taɓa buga ƙwallo da ƙarfi irin na ranar ba, kafin nan ko bayan nan. So nake ta shiga da kai a ciki."

Gola ya ce to ai duk da haka an gaya masa ɓangaren.

"Wane ɓangare? Ni duk rayuwata can kaɗai na iya bugawa. Mai rake na bakin ƙofa ma ya sani. Yau da ƙafa ɗaya ina na buga ta?" Ya yi ƙoƙarin gyara zama, ya cije leɓe. "Ƙwallon da aka gangara ba ta karya yatsa, tsoho. Kai ma ka sani."

Ya ce bayan wasan daraktan ya kira shi ofis ya yaba masa, ya ce bai taɓa ganin wanda ya iya yin kamar da gaske irinsa ba, shi kansa sai da gabansa ya faɗi. Ya ba shi dutsen guga na lantarki. Har yanzu yana wajen yayarsa.

Na tambaye shi me ya sa bai faɗi wannan ba tun makon da labarin ya fito. Ya dube ni kamar na yi tambayar yara. Ya ce tun da ya zo ƙasar nan wuyan kaza yake ci. A bar shi ya ci cinya, ko da zuwa tafiyar abokinsa ne. Ya roƙe mu kada maganar ta je gaban faranti.

Da aka kira Gola, likitan ya duba kafaɗar ya ce gocewa ce kawai. Gola ya miƙa masa yatsan, ya ce in tambaye shi ko ƙwallo ta gaskiya ce ta karya shi. Aikina ne in fassara abin da aka faɗa, don haka na fassara. Likitan ya juya yatsan, ya ce tsohuwar karaya ce, abu mai ƙarfi ne ya buge shi, amma ba ya iya sanin niyyar abin. Gola ya ce wannan ya ishe shi.

Ranar tafiyarsa ni da Lamba Tara muka raka shi Filin Jirgin Sama na Sarki Khalid, Gola da hannu a rataye, Lamba Tara yana ɗingishi. Bayan an auna kaya, Gola ya miƙo mini wayarsa. Ya ce ba a taɓa sa wasan a rediyo ba. Yana so in karanta shi, don 'ya'yansa kawai. Idan shi ya faɗa, uba ne yake yabon kansa.

Muka samu wani lungu kusa da masallacin filin. Na tsara abin a kaina yadda muke yi a da, abin da aka tabbatar kawai. Na ce an yanke sakamakon wasan kafin a buga shi. Na ce wata majiya mai tushe da ta nemi a sakaya sunanta ta tabbatar cewa ɗan wasan da aka umarta ya ɓarar da bugun ya ƙi bin umarnin, ya buga da iyakar ƙarfinsa. Na ce mai tsaron gida ya ture ƙwallon, ya karye a yatsa, likita ya tabbatar da karayar. Na ce ƙwallon ba ta shiga ba.

Gola ya saurara da wayar a kunne. Ya nemi in ƙara cewa cikin bajinta ya ture ta. Na ce wannan sharhi ne. Majiyar, wadda take zaune a kan akwati tana shafa cinya, ta ce ita ba ta tabbatar da bajinta ba, sa'a ce. Suka yi musu a kai har aka kira jirgi. Da suka zo rabuwa Lamba Tara ya ce masa ya bar gas babu komai a ciki, Gola ya ce ba layinsa na sayowa ba ne.

Bayan 'yan makonni, wata Juma'a, aka miƙo mini waya kamar kullum. Mai gyaran waya ya ce wannan karon murya ce, ba sai na karanta ba, wani ne ya turo daga gida, yana ta yawo a garin. Aka danna. Babban ɗan Gola ya tura wa abokansa, abokan suka tura wa iyayensu, har ya zagayo Manfuha. Na zauna ina jin kaina ina cewa wata majiya mai tushe. An yi tsit ɗin da aka saba yi. Ba wanda ya yi musu, domin a wannan ɗakin ba a musu da wannan muryar.

Mai gyaran waya ya daɗe yana kallon Lamba Tara. Ya ce wato da gaske ya buga, da gaske kuma ya kasa. Ya sa hannu ya ɗauke cinyar daga gabansa, ya tura masa wuya.

Lamba Tara ya ɗauki wuyan ya juya shi.

"Yaran sun ji ke nan," ya ce, ya fara ci.